Wasannin Kogo na Kyauta: Ina Daɗinsu Yake, Ina Suke Kama Mutum?

Tambaya: Na sauke wani gem na kyauta a wayata, irin wanda ake kutsawa cikin kogo ana kashe dodanni ana kwasar kaya. Da farko daɗi kamar me, har barci yake hana ni. Yanzu na kai wani mataki na kasa wucewa, kuma duk inda na taɓa sai a nuno mini abin saye. Abokina ya ce duk irin waɗannan wasannin damfara ce. Haka ne? Akwai na kirki a cikinsu, ko in haƙura in sayi wanda ake biya sau ɗaya?

Amsa: Ɗan'uwa, abokinka ya kusa da gaskiya, sai dai ya yi musu kuɗin goro. Akwai wasan kyauta da za ka shekara kana bugawa ba ka ba da ko sisi ba, kuma babu abin da aka tauye maka. Akwai kuma wanda tun ranar da aka tsara shi an riga an ƙayyade inda za ka cije. Wurin da ka tsaya ɗin nan, ina kyautata zaton ba rashin iyawarka ba ne. Wanda yake son ya bambance tsakanin biyun, shagon wasan zai leƙa ya ga abin da ake sayarwa. Amma bari mu fara da abin da ya hana ka barci, domin shi ne hajar da ake dawowa a sayar maka daga baya.

Wannan nau'in wasa ya girmi wayar da ke hannunka nesa ba kusa ba. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons, wasan da ake yi a kan tebur da takarda da fensir da irin ɗan ludon nan da ake jefawa, amma wani har fuska 20 gare shi. A 1980 wasu ɗalibai a Amurka, Michael Toy da Glenn Wichman, suka rubuta Rogue a kwamfuta. Babu hoto ko ɗaya, haruffa ne kawai: alamar @ kai ke nan, sauran haruffa dodanni. Abu biyu suka sa ya yi fice. Duk lokacin da ka shiga, kwamfuta ce take zana sabon kogo, kuma in ka mutu ka mutu ke nan, sai dai ka fara daga tushe. NetHack ya biyo baya a 1987. Sai Diablo na kamfanin Blizzard ya zo a ƙarshen 1996, ya ɗauki wannan tsari ya sa masa hoto da sauti, ya mayar da faɗan nan take ba sai an jira kowa ya yi motsinsa ba, ya kuma ba mutane damar haɗuwa ta intanet. Kusan duk wani wasan kogo da ke wayoyi a yau jikan waɗannan ne. Abin da suka gada guda uku ne: kogon da ba ka san fasalinsa ba, ganimar da ba ka san me za ta kasance ba, da gwarzon da yake ƙara ƙarfi a hannunka.

Ganimar ita ce jigo. Ka tuna lokacin da babban dodo ya faɗi bayan ya kusa gamawa da kai. Jininka saura ƙiris, kwalaben magani sun ƙare, sai ga kaya sun watsu a ƙasa, kowanne da launin sunansa. Fari ba a ko kallonsa. Shuɗi ka ɗan duba. Rawaya ka tsaya. Sai can a gefe ka hango wani launi da ba kullum ake ganinsa ba, ga wata 'yar ƙara da ba ta fita sai irin wannan kaya ya faɗo. Tsakanin jin ƙarar da ɗora yatsa ka ga abin da ke rubuce a jikin takobin, a nan zuciya take bugawa. Sau tari ma in ka duba sai ka ga bai dace da gwarzonka ba. Ba komai, ka riga ka danna ka sake shiga.

Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da sanin wannan. B. F. Skinner ya yi gwaji da ɓeraye da tantabaru a cikin akwati mai maɓalli, ya lura cewa dabbar da take samun abinci ba bisa ƙa'idar da za ta iya ganewa ba, wani lokaci bayan danna uku wani lokaci bayan talatin, ita ta fi naci, kuma ita ta fi daɗewa tana dannawa ko bayan an daina ba ta. Da a ce kowane dodo na goma ne yake ba da takobi, da ka lissafa ka kwanta. Rashin sanin ne yake cewa ƙara ɗaya. Ni ban ɗauki wannan a matsayin aibi shi kaɗai ba. Rogue ma haka yake, kuma bai taɓa neman kuɗin kowa a tsakiyar kogo ba. Aibin yana zuwa ne idan aka ɗaura wannan bugun zuciyar a jikin katin banki.

Akwai wani daɗin da ya fi wannan zurfi, wanda shi yake riƙe manya masu hankali shekara da shekaru, wato gina gwarzo. A Path of Exile, wanda kamfanin Grinding Gear Games na ƙasar Niyu Zilan ya fitar a 2013, taswirar baiwar da za ka zaɓa wa gwarzonka tana da gurabe sama da 1,300, kai kuma ɗari da 'yan kai kawai za ka iya ɗauka. Dabarun yaƙi duwatsu ne da ake cusawa a ramukan sulke da makami, in ramukan suna haɗe sai wani dutse ya sauya aikin wani: kibiya ɗaya ta koma uku, ko wuta ta riƙa tsalle daga dodo zuwa dodo. Mutum zai zauna da takarda yana lissafi kafin ya kashe ko ɓera. Ranar da tsarin da ka ƙirƙira da kanka ya share ɗakin da jiya ya kashe ka, wannan jin daɗin halaliyarka ne, ba sa'a ba ce.

Sai kuma jama'a. Wani ya tsaya gaba yana shan duka, wani yana warkar da 'yan ƙungiya, sauran suna ruwan wuta daga baya, kowa ya san in ya yi sakaci duka za a kwana ciki. A nan kyautar take da amfani na gaske, domin za ka iya cewa abokanka huɗu su sauke yau ku shiga tare, ba wanda zai ce sai ya tara kuɗi. Shiga ɗaya kuma minti biyar ne zuwa ashirin, ya dace da mai aiki. Wasu wasannin suna buɗe sabon zango duk bayan wata uku ko huɗu, kowa ya koma sifili, tsohon hannu da sabon shiga su tashi a layi ɗaya. Duk waɗannan alherai ne, kar wanda ya raina su.

To amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Saba, wato babbar kwamfutar da wasan yake gudana a kanta, ana biyan kuɗinta dare da rana, masu zane da masu rubuta manhaja suna karɓar albashi, Apple da Google kuma suna yankar har kashi 30 cikin 100 na abin da aka saya ta shagunansu. Mafi yawan masu bugawa ba sa biyan komai. 'Yan ƙalilan ne suke ɗauke da nauyin, a cikinsu ma wasu tsiraru da masu harkar suke kira manyan kifaye su ne suke zuba kuɗi na fitar hankali. Kai da ba ka biya ba, kana da aikin da kake yi wa kamfanin ko ba ka sani ba: kai ne kake cika kasuwar wasan, kai ake samu a haɗa ƙungiya, kuma kai ne wanda mai kuɗi zai tsaya kusa da shi da sulkensa mai walƙiya a ga bambanci. Wannan ba abin haushi ba ne, ciniki ne. Abin tambaya shi ne me aka ware aka ce sai da kuɗi.

Wasu ado suke sayarwa. Path of Exile shi ne misalin da aka fi kawowa: fukafukai, launin wuta, dabbar da za ta riƙa bin ka ba ta yaƙi. Ba a sayar da takobi, ba a sayar da mataki. Sai dai a faɗi gaskiya, yana sayar da ƙarin ma'ajiyar kaya, kuma duk wanda ya yi nisa ya fara ciniki da sauran 'yan wasa zai ga cewa ma'ajiyar kyauta ta yi masa kaɗan. Don haka ni ina ɗaukarsa a matsayin wasan da za ka ɗanɗana kyauta iya son ranka, in ya kama ka ka biya wani abu sau ɗaya ka huta. Wannan adalci ne a ganina, domin abin da ka saya yana da iyaka, ba ya ƙarewa ya ce ka ƙaro.

Wasu kogon kansa suke sayarwa. Dungeons & Dragons Online ya fito a 2006 ana biyan kuɗin wata, a 2009 ya koma kyauta, ya buɗe wasu yankuna ya rufe wasu sai ka saya ko ka tara maki a hankali. Shi ma ba ni da ja a kai. Ka san abin da kake saye, ka san farashinsa.

Daga nan ne ruwa yake fara gurɓacewa. Akwai masu sayar da lokaci. Za a ba ka wani ma'aunin kuzari, duk shiga kogo ya ragu, in ya ƙare sai ka jira. Dungeon Fighter Online, na kamfanin Neople a Koriya ta Kudu, wanda ya fito a 2005 ya kuma zama ɗaya daga cikin wasannin da suka fi tara kuɗi a tarihi, ya shahara da maki 156 na gajiya a rana, kowane ɗaki ka shiga ɗaya ya tafi. Ana iya kare irin wannan iyaka a ce tana hana mutum kwana a gaban allo. To amma a ɗimbin wasannin waya, da ma'aunin ya ƙare sai maɓallin cikawa ya bayyana da farashinsa. Wanda ya damu da lafiyarka ba zai sayar maka da hanyar karya dokar da ya kafa don lafiyar taka ba. Wannan shi ne mutumin da ya watsa ƙusoshi a hanya ya buɗe shagon faci a gaba.

Mafi muni su ne masu sayar da ƙarfi, kuma a wasan kogo wannan ya fi ɓarna fiye da kowane irin wasa. Dalili kuwa, ganimar ita ce wasan. In ana iya sayen abin da ake shiga kogo nema, me ya rage na shiga kogon? Ba ni na fara faɗa ba, Blizzard da kanta ta koya da tsada. Diablo III ya fito a 2012, kuma ba kyauta ba ne, amma an sa masa kasuwar gwanjo inda 'yan wasa suke sayar wa juna kaya da kuɗi na gaske, kamfani yana yankar nasa. Ba a daɗe ba mutane suka gane cewa awa ɗaya a kasuwar ta fi kwanaki a kogo amfani. Dodo ya faɗi, kaya su zubo, ba wanda ya kai abin da ka saya jiya. Ƙarar nan mai sa zuciya bugawa ta daina aiki. A watan Maris na 2014 kamfanin ya rufe kasuwar, ya amsa cewa ta rushe ginshiƙin wasan, wato kashe dodo a samu kaya, sannan ya gyara yadda ganima take faɗowa. Da yawan masu bugawa sun ce a lokacin ne wasan ya yi daɗi.

Shekara takwas bayan haka sai ga Diablo Immortal, a 2022, haɗin gwiwar Blizzard da NetEase na ƙasar Sin, kyauta a waya da kwamfuta. Yadda aka gina shagonsa ya cancanci a duba da kyau, domin wasanni da yawa suna bin salon. Akwai wani gajeren kogo na 'yan mintuna. Kafin ka shiga za ka iya saka wani tambari. Tambarin da ake samu a sauƙaƙe yana ba da ƙananan abubuwa. Mai daraja, wanda ake ba ka kaɗan ƙwarai kyauta amma ake sayarwa ba iyaka, shi yake tabbatar da faɗowar dutsen ƙarfi, dutsen kuma yana da taurari, mai biyar ba kasafai yake fitowa ba. Kana yaƙi, dodo yana faɗuwa, kaya suna zubowa, komai yana kama da wasa. Amma abin da zai zubo an yanke shi ne tun a bakin ƙofa, lokacin da ka biya. Akwatin canki-canka ne aka sa masa rigar kogo. 'Yan wasa da suka zauna suka yi lissafi a lokacin sun ƙiyasta cewa kai gwarzo ɗaya ƙololuwa da kuɗi zalla zai iya haura dala 100,000. Ba a fitar da wasan a Beljiyam da Holan ba saboda dokokinsu kan irin waɗannan akwatuna. Abin takaicin shi ne faɗan wasan yana da daɗi a hannu, an iya aiki, kuma mutum zai iya gama labarinsa bai biya ba. Sai ya kai ƙarshe, inda ake gwada ƙarfi da wasu, sannan ya ga katangar.

Lissafin sa'a yana yaudarar kusan kowa, don haka riƙe wannan. In aka ce damar samun abu 1 ce cikin 100, zuciya tana raya maka cewa gwaji 100 ya isa. Ba haka ba ne. A cikin mutum 100 da kowannensu ya gwada sau 100, kusan 37 za su tashi hannu rabbana. Ko sau 200 suka gwada, kusan 13 ba za su samu ba. Akwatin ba ya tuna asarar da ka yi jiya, ba ya jin tausayi, kowane buɗi sabo ne. Shi ya sa wasu kamfanoni suke sa ƙa'idar cewa bayan gwaji kaza dole a ba ka. In wasa yana da wannan ƙa'ida, to adadin nan shi ne ainihin farashin kayan, da shi za ka yi lissafi, ba da fatan fitowa a buɗin farko ba.

Hukumomi sun fara sa ido. Japan ta hana wani salo a 2012, wanda sai ka haɗa jerin kaya na sa'a kafin a ba ka babban. Ƙasar Sin ta wajabta bayyana alƙaluman sa'a a 2017, Apple ya sa wannan sharaɗi a ƙarshen shekarar, Google ya bi sahu a 2019. Hukumar caca ta Beljiyam ta ayyana akwatunan da ake saye da kuɗi a matsayin caca a 2018. Ko alƙaluman da aka rubuta ma amana ce kawai, tunda kai ba ka ganin abin da ke cikin saba. A watan Janairun 2024 hukumar kula da adalcin kasuwanci ta Koriya ta Kudu ta ci tarar kamfanin Nexon kimanin won (kuɗin ƙasar) biliyan 11.6 saboda ya sauya damar samun wasu abubuwa a wasan MapleStory bai sanar da masu saye ba.

Yanzu ga abin da nake zaton ya same ka. Kwanakin farko an sakar maka komai: mataki yana hawa kamar ana tura ka, kyaututtuka ta ko'ina, lu'ulu'un da ake saye da kuɗi ma an ba ka ka ɗanɗana. Ka saba da wannan saurin. Daga nan abin da ake buƙata don hawa mataki ɗaya ya riƙa ninkuwa, abin da kake samu a kogo bai ninku ba. Dodon da ya tare ka ba sabuwar dabara gare shi ba, jininsa ne kawai ya yi yawa, ko an sa agogon da ƙarfinka ba zai iya cimma ba. Ka faɗi, kafin ka numfasa tayi ya fito: ga ƙunshi na musamman, an yi ragi, saura minti 59. An zaɓi lokacin da ranka ya ɓaci ne. Kuɗin ma ba kai tsaye ake karɓa ba, sai ka sayi lu'ulu'u, lu'ulu'u ya sayi tambari ko mabuɗi, don kar ka riƙa jin nauyin abin da kake kashewa. Ƙunshin lu'ulu'un kuma da wuya ya yi daidai da farashin kaya, kullum sai ya gaza kaɗan ko ya bar ragowar da ba ta sayen komai. Sayen farko ana yin sa da arha sosai, domin wanda ya taɓa biya sau ɗaya ya fi sauƙin sake biya, katinsa ma ya riga ya zauna a wayar.

Akwai wata illar da ba ta taɓa aljihu amma ta fi cin rai. Wasan yana komawa aiki. Ladan shiga kullum, ayyukan rana, ayyukan mako, tikitin zango da zai ƙone in ba ka cika shi ba. Lost Ark, na kamfanin Smilegate, da Amazon ta kawo ƙasashen Yamma a Fabrairun 2022 har mutum sama da miliyan 1.3 suka kasance a ciki lokaci guda a Steam, dandalin wasannin kwamfuta, yana da manyan dodanni da suke cikin mafi kyau da aka taɓa tsarawa, masu buƙatar mutum takwas su haddace motsi kamar rawa. Amma kafin ka cancanci shiga wurinsu sai ka ɗaga darajar sulkenka, ɗagawar kuma sa'a ce: ka zuba kayan da ka tara, ka danna, a ce bai yi ba, kayan sun tafi. Don tara kayan mutane suke renon gwaraza har shida, kowanne da ayyukansa. In ka nemi ƙungiya kuma a dubi lambar sulkenka a ƙi ɗaukarka. Ranar da ka lura kana shiga wasa ne don tsoron abin da zai wuce ka, ba don kana marmari ba, to an daina yi maka wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da matsalar kamu da wasannin bidiyo a jerin cututtukanta a 2019, kuma ma'auninta ba yawan awanni ba ne, shi ne mutum ya kasa sarrafa kansa, wasan ya danne sauran al'amuransa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar.

Kasancewar wasan a intanet ma tana da nata haraji. Netwok ya ɗan yi tsaiko na daƙiƙa biyu, allo ya daskare, ya dawo ka tarar da gawarka. A wasannin da mutuwa ɗaya ce, irin Realm of the Mad God na 2011, wannan yana nufin gwarzon da ka yi makonni kana reno ya tafi da duk abin da ke jikinsa. Ga manhajojin da suke buga wasa da kansu suna tara zinariya ana sayarwa a bayan fage, su karya darajar abin da kai ka sha wahala ka tara. Ga masu satar asusu da tayin lu'ulu'u kyauta. Sannan duk abin da ka saya ba mallakinka ba ne, izinin amfani ne muddin saba tana kunne. Marvel Heroes ya fito a 2013 a ƙarƙashin jagorancin David Brevik, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri Diablo, yana da masoya na gaske da suka sayi gwaraza da riguna. A Nuwamban 2017 yarjejeniyar kamfanin wasan da Disney, mai mallakar Marvel, ta ƙare, aka kashe sabar, kamfanin ma ya rufe. Ba a bar wa kowa ko kwafin wasan da zai kunna shi kaɗai ba.

Kogon da kwamfuta take zanawa ma yana da iyakarsa. Bayan wani lokaci ido yana gane tubalan da ake jujjuyawa, labarin kuma galibi siriri ne, uzurin shiga rami na gaba kawai.

Game da wasan da ke hannunka, ga yadda zan gwada shi. Sauya tsarin gwarzonka, sauya makami, kalli yadda dodon yake motsi, ka sake gwadawa. In wasa na kirki ne, katangar za ta faɗi da dabara ko da 'yan kwanaki na tara kaya ta hanyar da kake jin daɗinta. In kuwa ka duba ka ga lambar ƙarfi kawai ake nema, kuma hanyar samunta ta kyauta makonni ce na maimaita abu ɗaya alhali shago yana ba da ita yanzu, to ba katanga ba ce, ƙofar karɓar kuɗi ce, kuma akwai wata a bayanta da ta fi ta tsada. Buɗe shagon ka tambayi kowane kaya: yana ƙara ƙarfi? An san abin da za a samu ko sa'a ce? Yana da iyaka ko ana iya saye har abada? Wanda ya amsa ƙarfi, sa'a, ba iyaka, ajiye shi. Kar ka saurari wanda ya yi kwana uku yana bugawa, kowane wasa aljanna ne a kwana uku. Nemi maganar waɗanda suka kai ƙarshe ba su biya ba. In kuma ka yanke za ka kashe wani abu, yanke adadin tun ranka yana kwance, kar ka taɓa saye a daidai lokacin da aka kashe ka, ka cire katin daga wayar, musamman in yara suna ɗaukarta.

Na kirki suna nan. In kana da kwamfuta, Path of Exile ne zan fara ambata, da gargaɗin cewa ba ya riƙe hannun baƙo, gwarzonka na farko mai yiwuwa ya lalace, ka bi tsarin da wani gwani ya wallafa kafin ka fara ƙirƙirar naka. Warframe na kamfanin Digital Extremes a Kanada, shi ma 2013, jiragen sama jannati ne maimakon koguna amma zuciyarsa ɗaya ce, kuma kuɗinsa na saye ana iya samunsa ta hanyar sayar wa wasu 'yan wasa kayan da ka tsinto, sai dai yana sa ka jira har kwana uku kafin a ƙera sabon gwarzo. In kuma hoto bai dame ka ba, Dungeon Crawl Stone Soup, wanda masu sa-kai suke kula da shi tun 2006, ana buga shi a burauza, wasu ma suna iya kallon wasanka kai tsaye, kuma ba shi da shagon karɓar kuɗi sam. A wayar Android akwai Shattered Pixel Dungeon, kai kaɗai kake bugawa, ba ya buƙatar data.

Sayen na biya sau ɗaya kuwa shawara ce mai kyau ga wanda ya san kansa da saurin hannu. Torchlight II na 2012, Grim Dawn na 2016 da Hades na 2020 duk ana buga su ba intanet, kuma an auna wahalarsu ne don ka ji daɗin cin nasara, tunda mai wasan ya riga ya karɓi kuɗinsa. Sai dai ka duba kafin ka biya, domin farashi a bakin ƙofa ba ya nufin babu shago a ciki: Diablo IV na 2023 ana sayensa, yana da shagon ado, kuma ba ya kunnuwa sai da intanet ko da kai kaɗai za ka buga.